Littafin aiki: buɗe asusun malamai da tsare fayilolin makaranta a kan Debian

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya ba ni wahala a aikin da shugabar makarantarmu ta ɗora mini, wato in mayar da tsohuwar kwamfutar da ke ofishin malamai ta zama ma'ajiya guda, wadda kowane malami zai shiga da sunansa ya ajiye tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. A halin yanzu filasha ce ke yawo daga hannu zuwa hannu, kuma a zangon da ya wuce tambayoyin wani darasi sun isa wurin ɗalibai kafin ranar jarrabawa, har yau ba a gano ta inda suka fita ba. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, domin an yi ta zargin mutanen da wataƙila ba su san hawa ba balle sauka.

Na sa wa kwamfutar manhajar sarrafawa ta Debian 12, wani nau'in Linux, wadda aka fitar a watan Yunin 2023, kuma ban sa mata fuskar tagogi da linzami ba, saboda ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa, sannan ina so in tilasta wa kaina aiki da rubutaccen umarni. Na yanke shawarar cewa ba zan buɗe wa kowane malami asusu na gaske ba sai na gama gwaji da asusun da ba na kowa ba.

Tuntuɓen farko ya zo mini tun kafin in buɗe asusu ko ɗaya. Da yake na ba root, wato asusun mai cikakken iko, kalmar sirri lokacin girkawa, Debian ba ta sa sudo ba, wato shirin da ke ara wa mutum ikon root, kuma ba ta saka sunana cikin masu iko ba. Na rubuta `su`, umarnin komawa wani asusu, na ba da kalmar sirri, na zama root, amma da na rubuta `adduser`, umarnin buɗe asusu, sai aka ce babu wannan umarni. Dalilin shi ne `su` shi kaɗai yana barin mutum da jerin wuraren neman umarni na asusunsa na yau da kullum, wanda babu `/usr/sbin` a cikinsa, alhali a can ne umarnan gudanarwa suke. Da na fita na sake shiga da `su -`, wato na ƙara karan ɗori, sai komai ya bayyana. Daga nan na girka sudo, na saka kaina cikin rukunin da ke da wannan suna, na fita na dawo, domin shiga sabon rukuni ba ya aiki a zaman da mutum ya riga ya buɗe.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe asusun gwaji guda huɗu, `gwaji1` zuwa `gwaji4`, kuma da gangan na yi biyu da `adduser`, biyu da `useradd`, don in ga bambancin da idona. Na farkon yana bin mutum da tambayoyi, ya nemi kalmar sirri, ya gina masa gida a ƙarƙashin `/home`, ya kwafo masa fayilolin farko daga `/etc/skel`, ya kuma ƙirƙiri rukuni mai suna irin nasa. Na biyun kuwa ba ya tambayar komai. Ya rubuta sunan a rajista ya yi shiru, babu gida sai an ba shi `-m`, babu kalmar sirri sai an bi baya da `passwd`, kuma da na shiga da `gwaji3` sai na tarar da kaina a cikin shirin karɓar umarni na `/bin/sh`, inda maɓallin kibiya ba ya dawo da umarnin baya. Ga aikina `adduser` ya fi dacewa, amma zan ci gaba da riƙe `useradd` a kai, tunda shi ne ake samu a kusan kowace irin Linux.

Sauran ranar na ƙare ta ne wajen karanta `/etc/passwd` layi bayan layi. Kowane layi gida bakwai ne da ruwa biyu ke raba su: suna, sai harafin `x` a gurbin da ake sa kalmar sirri a da, sai lambar mutum, lambar rukuninsa na asali, cikakken sunansa da bayanansa, adireshin gidansa, da kuma shirin da zai karɓi umarninsa idan ya shiga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa kwamfutar ba ta san mutum da suna ba, da lamba ta san shi. Lambar root 0 ce, mutane na gaske suna farawa daga 1000, waɗanda ke ƙasa da haka kuma asusun shirye-shirye ne da ba a shiga da su. Ni ne 1000, `gwaji1` ya samu 1001, haka har zuwa 1004.

Kalmomin sirrin kansu suna cikin `/etc/shadow`, a murɗe yadda ba za a iya karanta su ba, kowace tana farawa da `$y$`, alamar cewa da yescrypt aka murɗe ta. Kowa yana iya karanta `/etc/passwd`, amma da na gwada buɗe `/etc/shadow` da asusuna ba tare da sudo ba, an hana ni. Na kuma gwada buɗe asusu mai suna da harafin ƙ, `adduser` ya ƙi karɓa, domin ƙa'idarsa ta tsaya ga ƙananan haruffan Turanci da lambobi da 'yan alamomi kaɗan. Don haka sunayen shiga za su kasance babu ƙugiya, cikakken sunan mutum kuma in rubuta shi daidai a gida na biyar.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na ƙirƙiri rukuni biyu, `malamai` da `dalibai`, na saka `gwaji1` da `gwaji2` a na farko, sauran biyun a na biyu. Wajen saka kaina cikin `malamai` na yi kuskuren da ya kamata in rubuta dalla-dalla, domin kada in maimaita shi a kan asusun wani. Na rubuta `sudo usermod -G malamai` tare da sunana, na manta da `-a`. Ma'anar `-G` ita kaɗai ita ce a share duk ƙarin rukunonin da mutum yake ciki a maye su da wanda aka ambata. Ban ga komai ba a lokacin, saboda zaman da nake ciki yana riƙe da tsofaffin rukunonina, sai da wuta ta ɗauke da yamma, kwamfutar ta mutu, na kunna ta na shiga, sannan sudo ya ce ba na cikin waɗanda aka yarda wa. Umarnin `id` ya nuna mini rukuni biyu kacal, nawa da `malamai`.

Abin da ya cece ni shi ne root yana da kalmar sirri, na shiga da `su -` na gyara da `usermod -aG sudo`. Da a ce na bar root babu kalmar sirri tun farko, da sai na tayar da kwamfutar ta wata hanya kafin in dawo da ikona. Daga yau, domin ƙara mutum a rukuni zan riƙa amfani da `adduser` in bi shi da sunan mutum da sunan rukuni, tunda wannan siga ƙari kawai take yi, kuma zan duba `id` kafin canji da bayansa.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Na gina foldoji huɗu a ƙarƙashin `/srv/makaranta`: `jarrabawa`, `sakamako`, `darussa` da `aikin-gida`. Kafin in taɓa izininsu na zauna da takarda da biro na warware haruffa goman da `ls -l` ke nunawa a farkon kowane layi. Na farko yana faɗin ko fayil ne ko folda, sauran taran kuma kashi uku ne, uku na mai fayil, uku na rukuni, uku na sauran jama'a. A kowane kashi `r` karatu ne kuma darajarsa 4, `w` rubutu ne mai daraja 2, `x` aiwatarwa ce mai daraja 1, shi ya sa 640 ke nufin mai fayil ya karanta ya rubuta, rukuni ya karanta kawai, sauran jama'a kuma ba su da komai. Wannan lissafi bai ɗauke ni lokaci ba.

Inda na daɗe shi ne ma'anar waɗannan haruffa a kan folda, domin a nan ne na gane cewa abin da na ɗauka na sani ba haka yake ba. Na buɗe tagogin rubuta umarni biyu, ɗaya a matsayin `gwaji1`, ɗaya a matsayin `gwaji2`. Da na farko na rubuta fayil a cikin `jarrabawa`, na ba shi 600, wato babu wanda zai karanta ko ya rubuta sai mai shi. Na koma taga ta biyu na gwada karanta shi, aka hana ni, hankalina ya kwanta. Sai na gwada umarnin gogewa `rm` a kansa, aka tambaye ni ko na tabbata, na ce i, fayil ya tafi. Na maimaita gwajin sau biyu kafin in yarda. Bayanin shi ne folda ba komai ba ce illa jerin sunaye, kuma goge fayil cire sunansa ne daga wannan jeri, saboda haka izinin foldar ake dubawa, ba na fayil ɗin ba. Duk wanda ke da `w` da `x` a kan folda yana iya goge abin da ke cikinta ko ya canza masa suna, ko da ba zai iya karanta kalma ɗaya daga ciki ba.

Haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. `r` a kan folda yana ba mutum damar ganin sunayen da ke ciki, `x` kuma damar ratsawa ya isa ga abin da ke ciki. Da na bar `x` na cire `r`, `ls` ya ƙi aiki, amma na iya buɗe fayil ɗin da na san sunansa, kamar wanda aka bari ya shiga ɗaki cikin duhu ya ɗauko abin da ya san inda yake. Da na bar `r` na cire `x`, na ga sunaye amma ban iya buɗe ko ɗaya ba.

Akwai kuma tsarin da ake bi wajen dubawa. Idan kai ne mai fayil, kashin farko kaɗai ake duba maka, ba a ƙara maka da na rukuni. Na ba wani fayil 070, rukuni na da komai mai shi ba shi da komai, sai ga `gwaji1` an hana shi karanta fayil ɗinsa alhali `gwaji2` yana karantawa. Gani ya kori ji, kuma na ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar aikin gaba ɗaya: ba zan ce izini ya zauna ba sai na shiga da sunan wanda abin ya shafa na gwada, sannan na shiga da sunan wanda bai kamata ya samu ba na gwada. Gwaji da root ba ya nuna komai, tunda waɗannan shingaye ba sa tare shi.

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Aikin yau kaɗan ne. Na so in daidaita izinin duk abin da ke cikin `sakamako` a bugu ɗaya, na rubuta `chmod -R 660`, nan take aka rufe wa `gwaji1` da `gwaji2` ƙofa, saboda umarnin ya cire `x` daga foldar kanta da ƙananan foldojin da ke cikinta. Maganin shi ne babban harafi: `chmod -R u=rwX,g=rwX,o=`, inda `X` ke ba da izinin ratsawa ga foldoji, ya kuma ƙyale fayilolin da dama ba su da shi. Na ga inda ake ba masu irin wannan matsala shawarar su sa 777 su huta, kuma ban yarda da wannan shawara ba ko kaɗan, domin a wurinmu hakan yana nufin kowane ɗalibi zai iya canza makinsa.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Matsaloli biyu na shigo da su yau: fayilolin da malami ya rubuta suna ɗaukar rukuninsa na kansa maimakon `malamai`, kuma malami yana iya goge takardar abokin aikinsa. Dukansu suna da magani a lamba ta huɗu da ake sa wa gaban ukun da aka saba. Idan aka ba folda 2770, duk sabon abin da aka ƙirƙira a cikinta zai gaji rukunin foldar, kuma `ls` zai nuna `s` a gurbin `x` na rukuni. Idan aka ba ta 1770, babu mai goge fayil sai mai shi ko mai foldar ko root, wanda shi ne tsarin da `/tmp` ke bi da 1777. Na haɗa biyun na ba `jarrabawa` 3770, mallakin root da rukunin `malamai`, na sake gwajin ranar Talata, wannan karon `rm` ya ƙi. Ɗalibi kuwa ko leƙa foldar bai iya ba. `darussa` na ba ta 2775, malamai su rubuta, kowa ya karanta.

Na lura da wani abu da zai iya ruɗa malamai. Fayil ɗin da aka kwafo da `cp` ya gaji rukunin `malamai`, amma wanda aka ɗauko da `mv` daga gidan mutum ya zo da tsohon rukuninsa, domin `mv` a kan faifai ɗaya ba ya ƙirƙirar sabon fayil, suna kawai yake sauya wa wuri.

`aikin-gida` ce ta fi cin lokaci, saboda abin da nake so a can ya wuce ƙarfin kashi uku: ɗalibi ya ajiye aikinsa, kada ya ga na wani, kada ya goge na wani, malamai kuma su karanta duka. Na ba foldar rukunin `dalibai` da 1730, wato suna iya ajiyewa ba sa iya ganin jeri, sannan na girka kunshin `acl` na ƙara wa `malamai` izinin karatu da ratsawa da `setfacl -m g:malamai:rx`. Na kuma sa ƙa'idar gado da `setfacl -d`, yadda kowane sabon fayil zai zo da karatu ga malamai, babu komai ga rukuni da sauran jama'a. Bayan haka `ls -l` ya nuna `drwxrwx--T+`, na firgita da ganin `r` a kashin tsakiya, ina tsammanin na buɗe wa ɗalibai jerin. Ashe idan folda ta samu ƙarin izini irin wannan, wanda alamar `+` ke nunawa, kashin tsakiya yana nuna iyakar abin da za a iya ba rukunoni ne, ba abin da rukunin foldar yake da shi ba. `getfacl` ya nuna gaskiyar lamarin, `gwaji3` kuma ya tabbatar da ita da aka hana shi `ls`.

A `sakamako` na sa ƙa'idar gado mai ba malamai rubutu, domin sabon fayil a nan yana zuwa da 644 bisa `umask` na 022, wato lambar da ke rage izinin sabon fayil. Ta yi aiki ga fayil ɗin da aka ƙirƙira a wurin, amma wanda na turo daga wata na'ura da `scp` ya zo da izininsa na asali, `getfacl` ya nuna cewa abin da malamai ke da shi a aikace karatu ne kawai. Zan riƙa kama irin waɗannan da `find /srv/makaranta/sakamako -type f ! -perm -g+w` in gyara su.

Laraba, 22 ga Janairu, 2025

Na koma kan `grep`, umarnin neman kalma a cikin fayil, domin duk abin da na yi a makonni biyun nan yana buƙatar a iya duba shi cikin sauri. Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs a 1973, sunan kuma ya fito ne daga umarnin `g/re/p` na tsohon shirin rubutu mai suna ed, wato a bi dukkan layuka, a nemi siga, a buga wanda ya dace. Aikinsa ke nan har yau: layi yake dubawa, layi yake fitarwa.

Na fara da `/etc/passwd`. Na ƙara asusu mai suna `gwaji10` don in jarraba wani zato, kuma zaton ya tabbata, domin `grep gwaji1` ya fito da layi biyu. Gyaran shi ne a ɗaure siga a farkon layi da `^` a kuma rufe ta da ruwa biyu, `grep '^gwaji1:' /etc/passwd`. Haka `$` ke ɗaure ƙarshen layi, don haka `grep -c '/bin/bash$' /etc/passwd` ya ƙirga mini asusun da ke da bash a matsayin shirin karɓar umarni. Na saba wa hannuna sa siga tsakanin alamun zance masu ƙwaya ɗaya, saboda idan ba haka ba bash zai fassara `*` da `$` tun kafin su isa wurin `grep`.

Na nemi `/var/log/auth.log`, fayil ɗin da ke adana bayanan shiga, wanda darussa da yawa ke ambata, ban same shi ba, domin Debian 12 ba ta girka rsyslog, shirin da ke rubuta shi, da kanta, bayanan suna wurin `journalctl`. Na gwada shiga daga laptop ɗina ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, da kalmar sirri ta kuskure sau uku da gangan, sannan na rubuta `sudo journalctl -u ssh | grep 'Failed password'`, ga layuka uku da lokaci da suna da adireshin na'urar da aka zo da ita. Wannan shi ne ainihin abin da muka rasa a zangon da ya wuce, wato shaidar wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, kuma `Accepted` ke nuna shigar da ta yi nasara. Wajen neman adireshin na koyi cewa ɗigo a siga yana nufin kowane harafi, kuma neman 192.168.1.5 zai kamo 192.168.1.50 ma, saboda haka na yi amfani da `-F` domin a ɗauki ɗigo a matsayin ɗigo, da `-w` domin a tsaya ga cikakkiyar lamba.

Wanda na fi jin daɗinsa shi ne `-v`, mai fitar da layukan da ba su dace ba. `grep -Ev '^(#|$)' /etc/ssh/sshd_config` ya zubar da layukan sharhi da waɗanda babu komai, ya bar mini 'yan layukan da ke aiki da gaske, na karanta su a minti ɗaya. A nan na ƙara `AllowGroups malamai dalibai sudo`, domin duk wanda ba ya cikin waɗannan rukunoni kada ya shiga daga nesa.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Na ɗauko tsofaffin takardun sakamako don gwaji na gaske. `grep` bai ga komai a cikin fayilolin Word da Excel na zamani ba, domin a matse suke kamar zip, sai da na fitar da na Excel a matsayin CSV, wato rubutu tsantsa.

A nan rubutunmu na Hausa ya kawo tasa matsalar. Na nemi darasin Labarin Ƙasa da `grep -ic 'labarin ƙasa'`, aka ba ni adadin da na san bai kai yawan ɗaliban ajin ba. Da na duba fayil ɗin da ido sai na ga mutane daban-daban ne suka cika shi, wani ya rubuta Ƙasa da ƙugiya, wani Kasa, wani kuma K'asa, har da wanda wayarsa ta sa masa lanƙwasasshiyar alama maimakon miƙaƙƙiya. A wurin mai karatu duk abu ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta haruffa ne mabambanta. Sigar da ta kamo su duka ita ce `grep -iE "labarin [kƙ]['’]?asa"`, inda baka biyu masu kusurwa ke nufin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, alamar tambaya kuma ke nufin ko akwai ko babu. Dole na canza zuwa alamun zance masu ƙwaya biyu, saboda akwai mai ƙwaya ɗaya a cikin sigar kanta.

Na kuma gwada abin da zai faru idan tsarin harshe ba UTF-8 ba ne, na sa `LC_ALL=C` gaban umarnin. Nan take `-i` ya daina gane cewa Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne babba da ƙarami, kuma sigar `^.asa$` ta daina kama kalmar ƙasa, domin ƙ, wanda lambarsa a Unicode U+0199 ce, bayit biyu yake ci, ɗigo kuma a wannan yanayi bayit ɗaya yake wakilta. Haka abin yake ga ɓ da ɗ da ƴ. Don haka na ƙara `locale` cikin abubuwan da zan duba duk lokacin da bincike ya ba ni adadin da ban yarda da shi ba, kuma zan roƙi malamai mu tsaya ga rubutu ɗaya mai ƙugiya a takardun wannan zango.

Talata, 28 ga Janairu, 2025

Malamai suna zuwa suna tafiya, musamman masu yi wa ƙasa hidima da ke yin shekara guda, saboda haka yau na gwada sallama. `passwd -l` yana sa alamar motsin rai gaban murɗaɗɗiyar kalmar sirri a `/etc/shadow`, wanda na gani da `sudo grep '^gwaji2:' /etc/shadow`, amma da na gwada shiga da mabuɗin ssh, mai maye gurbin kalmar sirri, wanda na riga na sa wa asusun, an bar ni na shiga. Kulle kalmar sirri ba rufe asusu ba ne. Sai da na rubuta `usermod --expiredate 1`, wanda ke mayar da wa'adin asusun zuwa farkon 1970, sannan aka tare ni ta kowace hanya.

Daga nan na goge `gwaji2` ɗungurum da `deluser --remove-home`. Gidansa ya tafi, amma takardunsa da ke `jarrabawa` suna nan, `ls -l` yana nuna 1002 a gurbin suna. Na buɗe sabon asusu `gwaji5` a matsayin ɗalibi, `adduser` ya ba shi lamba ta farko da babu kowa a kanta, wato 1002, sai ga sunan ɗalibi a matsayin mamallakin takardun jarrabawa. Izinin foldar ya hana shi isa gare su, amma da a `darussa` suke da ya iya canza su. Abin da na karanta ranar 9 ga wata game da lamba ya dawo mini a aikace. Tsarin da na tsayar shi ne, idan malami ya tafi a rufe asusunsa ba a goge ba, idan kuma dole a goge, a fara nemo fayilolinsa da `find /srv -user` a mayar da su hannun wani da `chown`, a ƙarshe a bi da `find /srv -nouser` domin a tabbatar babu maraya.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Na goge asusun gwaji duka bisa wannan tsari, na nuna wa shugabar makaranta yadda abin yake. Ta tambaye ni ko ni kaina zan iya karanta tambayoyin kowa. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, zan iya, domin mai sudo babu abin da ke ɓoye masa, sai dai duk umarnin da na bayar da sudo ana rubuta shi, kuma zan nuna miki yadda za ki duba." Ta ce a rubuta kalmar sirrin root a rufe a ambulan a ajiye a ofishinta, na kuma yi hakan.

Na buɗe wa malamai uku asusu a matsayin zagayen farko, kowanne da kalmar sirri ta wucin gadi, na bi su da `chage -d 0` domin a tilasta musu canza ta a shigar farko, yadda ni ma ba zan san ta ba. Malamin lissafi ne ya fara zama gaban kwamfutar, ya ɗan tsaya da ya ga babu abin da ke fitowa a allo lokacin da yake buga kalmar sirri, na ce masa, "Malam, ci gaba da bugawa, haka aka tsara shi domin kada na kusa ya ƙirga haruffan." Ya ajiye takardarsa ta farko a `jarrabawa`, `ls -l` ya nuna sunansa da rukunin `malamai`, malamar Hausa ta shiga da nata asusun ta buɗe takardar, ta gwada gogewa bisa roƙona, aka hana ta.

Asusun ɗalibai zai jira sai mako mai zuwa. Abin da ke gabana gobe shi ne ajiyar kwafi a faifai na waje, kuma zan fara da gwada `rsync -aA` a kan `aikin-gida`, in duba da `getfacl` ko ƙarin izinin ya bi kwafin zuwa can.